Uche Okechukwu: Katangar da Ba a Yi Mata Kirari Ba

Idan hirar Super Eagles ta shekarun 1990 ta tashi a gidan kallon ƙwallo, sunayen da ke fara fitowa sanannu ne: Yekini, Okocha, Kanu, Amokachi, Babangida. In an gangaro kan 'yan baya, sai a ce Keshi ko Taribo West. Sai hira ta yi nisa kafin wani dattijo ya tuno da Uche Okechukwu, alhali shi ne ya tsare tsakiyar baya a kusan duk nasarar da ake tinƙaho da ita.

An haife shi a Legas a 1967. Ya yi suna a Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, kafin ƙungiyar Brondby ta ƙasar Denmark ta ɗauke shi a 1990. A can ya yi wasa a gaban gola Peter Schmeichel, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA a 1991, inda Roma ta fitar da su.

A 1993 ya koma Fenerbahce ta birnin Istanbul, kuma nan ne ya kafa tarihinsa na gaske. Shekara tara ya yi a ƙungiyar da magoya bayanta ba su da haƙuri da ɗan wasa ko na kaka guda. Shi da Jes Hogh suka riƙe baya lokacin da koci Carlos Alberto Parreira ya ci gasar Turkiyya a 1996. A watan Oktoban shekarar Fenerbahce ta je Old Trafford ta doke Manchester United da ci ɗaya da nema, abin da babu wata baƙuwar ƙungiya da ta taɓa yi a gasar Turai cikin shekara 40. Har takardar zama ɗan ƙasa Turkiyya ta ba shi.

A gida kuwa, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya buga kofin duniya a Amurka, sannan ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Shi ne kyaftin a kofin duniya na Faransa a 1998, ranar da aka doke Sifaniya 3-2, da kuma ranar baƙin cikin da Denmark ta zura mana huɗu, Schmeichel na tsare da ragarsu.

To me ya rage masa suna? A ganina dalili biyu ne, kuma duk ba na ƙwarewa ba ne. Taribo ya je Inter Milan da AC Milan a lokacin da idon duniya ke kan gasar Italiya, ga kitso mai launi da ake hangowa daga nesa, ga shiga mai zafi. Uche kuwa a Denmark da Turkiyya ya yi ƙuruciyarsa, gasannin da ba a cika nuna mana ba. Na biyu shi ne salon wasansa. Dogo ne kakkaura, amma ba mai hayaniya ba. Yakan karanci inda ƙwallo za ta faɗa ya riga ɗan gaba isa wurin. Irin wannan aiki ba ya shiga faifan da ake maimaitawa, domin haɗarin da aka kashe tun bai taso ba babu mai tunawa da shi.

Bayan Fenerbahce ya buga wa Istanbulspor, sannan ya dawo Najeriya ya ƙarasa a jihar Bayelsa, yana dab da shekara 40, tare da yaran da suka taso suna kallonsa a talabijin.