Tarihin Dokar Kamfani a Ƙasashen OHADA

Tambayar da ta fi damun kowane ɗan kasuwa ita ce: idan ciniki ya karye, wa zai ɗauki bashin? A kan wannan tambaya ce aka gina dokar kamfani.

A tsarin fatauci na gargajiya, attajiri da dukiyarsa abu ɗaya ne. Yana tura yaransa da kaya, dillali ya haɗa shi da mai saye ya karɓi la'ada. Idan bashi ya hau shi, gidansa da gonarsa ma suna iya tafiya.

Da zuwan Turawan mulkin mallaka, Faransa ta shigo da nata dokokin: kundin dokar ciniki na 1807, da dokar 1867 ta manyan kamfanonin hannun jari, da dokar 1925 ta kamfanin da ake kira SARL. Bayan samun 'yancin kai a 1960, ƙasashe da dama sun ci gaba da aiki da waɗannan tsofaffin dokoki, kowace tana yi musu kwaskwarima yadda ta ga dama. Sai ya zamana ɗan kasuwar Maraɗi ba shi da tabbacin hukuncin da zai tarar a Garwa ko Kwatano.

Don magance wannan, a ranar 17 ga Oktoba 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a tsibirin Moris. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Babbar kotunta tana Abijan. A 1997 aka zartar da dokar kamfani ta bai-ɗaya, ta fara aiki a 1998, aka sabunta ta a 2014.

Dokar ta bambanta ire-iren kamfani ta fuskar bashi. A kamfanin tarayya na SNC, ana iya bin kowane abokin tarayya dukan bashin, har a taɓa dukiyarsa ta gida. A SARL kuwa, mutum ba ya asarar fiye da jarin da ya zuba. Da zarar an yi wa kamfani rajista, doka tana ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa, mai dukiyarsa da bashinsa.

Haka kuma dokar ciniki ta OHADA ta raba masu shiga tsakani gida uku. Ɗan kamasho yana ƙulla ciniki da sunansa, amma don wani. Dillali haɗa mutane biyu kawai yake yi. Wakilin ciniki kuwa da sunan wanda ya wakilta shi yake aiki, don haka alhakin cinikin yana kan wancan.

Duk da haka, ciniki mai yawa a kasuwanninmu ba shi da rajista. Shi ya sa a 2010 aka ƙirƙiro matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai zai yi a ofishin rajista.