Yadda lalacewar na'ura ta zama muryar jita

Duk wanda ya taɓa ƙure ƙarar rediyo ya san abin da ke biyo baya: murya ta yi kaushi, ta shiga gurnani. A wajen injiniyan sauti wannan aibi ne, domin aikin amfilifaya shi ne ta ƙara wa sauti ƙarfi ba tare da ta sauya masa kama ba. To ta yaya aibin ya zama abin da makaɗa ke sa kuɗi su saya?

Da farko hatsari ne. A 1951, a birnin Memfis na Amurka, Willie Kizart ya kaɗa jita a waƙar "Rocket 88" da amfilifayar da ta lalace a hanya, kuma Sam Phillips ya ɗauki sautin a haka. Daga baya wasu suka riƙa ɓarnar da gangan: Link Wray ya huda lasifikarsa, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks kuwa ya tsaga tasa da reza a 1964.

Matsalar ita ce ɓarna ba ta maimaituwa daidai. A 1960, a Nashbil, wani sashe na na'urar haɗa sauti ya samu matsala ana ɗaukar waƙar Marty Robbins "Don't Worry", sai jitar Grady Martin ta fito da gurnani. Waƙar ta karɓu, makaɗa suka fara neman sautin. Injiniya Glenn Snoddy, tare da Revis Hobbs, suka zauna gano abin da matsalar ke yi wa lantarkin.

Ga abin da ke faruwa. Kaɗawar tsirkiya tana zama lantarki mai hawa da sauka. Amfilifaya ba ta iya fitar da fiye da wutar da ake ba ta, don haka idan an matsa mata, sai ta datse ƙololuwar hawan da ta saukar. Datsewar tana haifar da sababbin sautuka. Tsirkiya mai kaɗawa sau 110 a sakan za ta samu rakiyar 330 da 550; idan datsewar sama da ta ƙasa ba su zo ɗaya ba, 220 da 440 ma su shigo. Cakuɗar nan kunne ke ji a matsayin gurnani.

Su Snoddy sun kwaikwayi datsewar da transista uku, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro FZ-1. Kasuwarta ba ta buɗe ba sai 1965, da Keith Richards ya yi amfani da ita a "Satisfaction".

A Landan kuma, shagon Jim Marshall ya kwafi tsarin Fender Bassman a 1962, amma ya sa kwalbar lantarki ECC83 a matakin farko maimakon 12AY7. Ta fi ƙara ƙarfi, don haka datsewar ke zuwa da wuri. Kwalba kuwa a hankali take lanƙwasa ƙololuwa, shi ya sa gurnaninta ya fi laushi.

Wannan laushin Susumu Tamura ya nema a Japan da ya tsara Ibanez Tube Screamer a ƙarshen shekarun 1970, da dayod biyu masu rage ƙarfi idan lantarki ya kai wani mataki. Yau ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya wadatar, lasifika kuma ta tsira daga reza.