Wanda ya huda kunnen saniyar kakanka

 Hirar wannan mako ta taso ne daga maganar wani dattijo mai shanu da muka zauna da shi a Domayo, nan cikin Marwa. Ɗansa ya ci BEPC, ya ce shi karatun asibiti yake so. Uban kuwa tambayarsa ɗaya ce: bijimi nawa zan sayar, kuma me zai dawo mini da shi? Tambaya ce ta mai hankali. Kai ma mai karatu, wataƙila tana gidanka. To bari mu koma baya, mu ga yadda aikin nan ya shigo ƙasarmu, da irin mutanen da suka riƙe shi.

Da farko dai kada wani ya ce maka Bature ne ya koya wa makiyayi rigakafi. Tun kafin Jamusawa su kama Garwa a 1901, Fulani suna da dabararsu ta ciwon huhu. In saniya ta mutu da shi, sai a yanko ɗan huhun, a tsaga fatar karan hancin lafiyayyar saniya, a cusa. Wurin ya kumbura, wani lokaci ya bar ƙullutu mai tauri kamar ƙaho. Har wani masanin Faransa mai suna Rochebrune ya ga irin wannan a shanun Senegal, ya zauna ya rubuta cewa ya gano sabon irin shanu masu ƙaho uku! Ashe tabon rigakafin makiyaya ne.

Amma akwai cutar da ta fi ƙarfin dabarar kakanni, ita ce bushiya, wadda a Fulatanci ake ce wa pettu. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jirgin ruwa ta Masawa, can gaɓar Bahar Maliya, da cutar a jikinsu. Cikin 'yan shekaru ta ratso Sudan ta iso tafkin Chadi, wajen 1891 ta mamaye ƙasashen nan namu. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Tsofaffi sun sa wa wannan annoba suna "Sannu", don a lokacin in ka haɗu da mai shanu ba ka da abin ce masa sai sannu. An ba da labarin mutanen da suka zauce, suna yawo a daji suna kiran shanun da babu su. Kai da ka san sunan kowace saniya a garkenka, ba sai an yi maka bayani ba.

Ka kuma san wani abu? Wannan cuta tana cikin manyan dalilan da suka haifi aikin likitan dabbobi a duniya. Ta sha cinye shanun Turai, shi ya sa aka kafa makarantar likitocin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761. A ɓangarenmu kuwa, Ingilishi suka kafa ɗakin bincike a Vom kusa da Jos a 1924, daga baya Faransawa suka kafa nasu a Farsha, bakin Fort Lami, wato Njamena ta yau. Sai dai Turawan likitoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masu kayar da sa, masu riƙe allura, masu yi wa Arɗo bayani da harshensa, duk 'yan ƙasa ne. Su ne malaman dabbobi na farko, kuma ba su sha da daɗi ba. Makiyaya na ganinsu sai su kora shanu su tsallaka iyaka, kuma da hujjarsu: allurar farko-farko takan kashe wasu shanun, sannan inda aka tara shanu don allura, nan mai jangali yake samun lissafi.

A ɓangaren mutane, sunan da ba a tsallakewa a Kamaru shi ne Dokta Eugène Jamot. Ya sauka Ayos, can kudu, a 1922, lokacin ciwon barci yana share ƙauyuka. Da ya ga mara lafiya ba ya zuwa asibiti, sai ya ce asibiti ya tashi ya je wurin mara lafiya. Ya ɗebi samari 'yan ƙasa, da yawansu karatunsu bai yi nisa ba, ya koya wa kowa aiki ɗaya har ya gwanance: wannan ya lalubi kaluluwar wuya, wancan ya duba jini a madubin likita, wani ya rubuta suna, wani ya yi allura. Haka suka bi ƙauye-ƙauye har cutar ta ja baya. Daga wannan aiki aka samu makarantar Ayos, wadda ta yaye ma'aikatan lafiya na farko-farko a ƙasar.

Labarin yana da ɗaci a ciki, kuma dole in faɗa maka shi. A yankin Bafiya wani matashin likita ya ƙara yawan maganin da ake yi wa mutane fiye da ƙima, da nufin su warke da wuri. Mutane ɗaruruwa suka makance. Maganin nan dai shi ne wanda ya ceci dubbai a wasu wuraren. Awo ne kawai ya sauya. Laifin ya faɗa kan Jamot, aka raba shi da aikin Kamaru a 1931. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan samun 'yanci a 1960 aka zo kan aikin da wasu dattawanmu suka gani da idonsu. A 1961 aka yi taro a Kano, aka amince cewa bushiya ba ta san iyaka ba, don haka allura ma kada ta san iyaka. A 1962 aka fara gangamin da ake kira JP15, kuma a nan aka fara shi, ƙasashe huɗu na tafkin Chadi: Kamaru, Najeriya, Nijar da Chadi. Shekara uku a jere ana bin garke-garke, saniyar da aka yi wa allura a huda mata kunne, don ko ta tsallaka ta je Borno ko Kanem a san an yi mata. In kakanka yana da shanu a lokacin, to wani yaro ɗan makaranta mai wandon kaki ne ya huda musu kunne. Cutar ta lafa, har mutane suka ɗauka an gama da ita.

Ba a gama ba. Gangamin ya ƙare a 1976, kuɗin waje ya tsaya, gwamnatoci suka yi sake da allurar 'yan maruƙa. A 1982 zuwa 1983 bushiya ta dawo ta fuska biyu, ɗaya daga yamma ta wajen Mali, ɗaya daga gabas ta Sudan da Chadi. Masu shekara hamsin zuwa sama a cikinku sun tuna gawarwakin shanu a bakin burtali, da yadda farashi ya faɗi a kara har mahauci na zaɓe. A wannan shekara ta 1983 Kamaru ta kafa ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Bokle kusa da Garwa, wanda har yau yake haɗa alluran rigakafi, ciki har da na ciwon huhu da na annobar awaki da tumaki, yana kuma sayar wa ƙasashe maƙwabta.

Abin da ya ƙarasa bushiya ya shafe ka kai tsaye. Allurar tana da kyau, amma ba ta jure zafi, sai da ƙanƙara. Da aka samo wadda take jure zafi, sai aka koya wa makiyaya kansu yin ta a wurare irin su kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha, inda motar gwamnati ba ta kaiwa. Waɗannan makiyaya suka yi aikin da ya gagari ma'aikata, don sun san inda shanu suke a kowane wata, kuma jama'a sun yarda da su. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Cuta biyu kacal ɗan Adam ya taɓa gamawa da su haka: agana a 1980, sai bushiya.

Yanzu ga wani abin kunya da abin koyi a haɗe. Wajen shekarar 2000 masu bincike na Chadi da na Suwizalan suka bi rugagen Shari-Bagirmi da Kanem. Suka tarar shanu da yawa an yi musu allura, amma yaran da suka duba babu wanda ya cika rigakafinsa. Ba ƙin 'ya'ya ba ne ya jawo haka. Malamin dabbobi yana zuwa ruga, malamin asibiti kuwa yana zaune a gari yana jira. Sai aka haɗa su a mota ɗaya. Daga 2000 zuwa 2005 aka yi wa dabbobi kusan 150,000 allura, yara fiye da 4,000 suka cika rigakafinsu, mata dubbai suka samu allurar tetanus. Ni a ganina nan ne amsar tambayar dattijon nan take. Asibiti ya daɗe yana neman wanda ya san hanyar mashekari, yana jin Fulatanci da Hausa ko Larabcin Shuwa, kuma Arɗo zai shimfiɗa masa tabarma. Irin wannan ba a koyar da shi a aji, ɗanka kuwa da shi ya tashi.

A da, ɗan arewa mai son zama likita sai Dakar ko Faransa. A 1969 aka buɗe makarantar likitoci ta CUSS a Yawunde, amma daga Marwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, kuma 'yan arewa kaɗan ne suke da takardar shiga. Shi ya sa shekara da shekaru ma'aikacin da za ka tarar a asibitin ƙauye baƙo ne, ba ya jin ka, ba ka jin sa, yana ƙirga kwanakin da za a mayar da shi gida. Ba na zarginsa. Yau abin ya matso kusa. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon likita. Ngaundere tana da makarantar likitocin dabbobi. A nan Marwa akwai cibiyar horar da malaman dabbobi da kiwo. A ƙetare kuwa ga Vom, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Matakan ba ɗaya ba ne, kuma a nan iyaye suke ruɗewa. Mataimakin mai jinya karatunsa gajere ne. Cikakken mai jinya da ungozoma sai da Bak, sannan shekara uku. Likita kuwa shekara bakwai, kafin ya kawo maka ko sisi. Makarantun gwamnati da jarrabawar gasa ake shigarsu, wadda muke ce wa konkur. Ka dubi yaron da kyau kafin ka dubi garke. Wanda in saniya ta kasa haihuwa shi ne mai naɗe hannun riga, ka san inda ya dosa. Wanda ganin jini ke sa shi jiri, akwai ɗakin awon jini da fitsari, akwai harhaɗa magani. Wanda kawai farar riga ce ta burge shi, gara ya zauna maka a shago.

Ke kuma Inna, maganar 'ya mace fa? Kin fi kowa sanin matan da suka ƙi zuwa asibiti don namiji ne zai duba su, har naƙuda ta yi kwana biyu. Ungozoma ɗaya 'yar gida, mai takarda, tana iya sauya wannan a gunduma guda.

Sai maganar da na ce ka riƙe. Ku 'yan kasuwa kun san kwalayen maganin da ke ƙetare iyaka a bayan babur, kun kuma san tiramol. A 2013 wasu masu bincike suka yi shelar cewa sun gano tiramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, wai itacen ne yake yin sa. Shekara ɗaya bayan haka masu bincike daga Jamus suka nuna ba haka ba ne: mutane ne suke sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don kada su gaji, fitsari ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Ka ji inda muka kai. Yaron da ya yi wata shida yana miƙa kwali a shagon magani, ya dawo ana ce masa dokta, bai san awo ba, kuma ka ji abin da rashin awo ya yi a Bafiya a hannun likita mai takarda ma. In za a yi karatun, a yi na gaskiya.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Takarda ba ta nufin gwamnati za ta ɗauke shi aiki. Da yawa suna shekaru a ƙananan asibitoci ana ba su ɗan abin sabulu. Tun 2014 rikicin Boko Haram ya rufe asibitoci da dama a bakin iyaka, wajen Amcide da Kolofata da Fotokol, kuma wanda aka tura irin wuraren nan da ransa a hannu yake aiki. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, wasu ba su da izinin ma'aikatar lafiya. Kafin ka kai bijimi Bogo ko Adumri, ka sa wanda ya iya karatu ya ga takardar izinin da idonsa. In kuma a Najeriya yaron zai yi karatu ya dawo Kamaru aiki, ko daga nan ya tafi can, a tambaya tun yanzu yadda ake amincewa da takardar a ɗaya ɓangaren.

Dattijon Domayo dai ɗansa ya riga ya wuce wani shinge da yake tare 'ya'yan ruga da yawa tun suna ƙanana: takardar haihuwa. Babu ita, yaro ba ya zama jarrabawar gama firamare, balle BEPC, balle konkur. Wanda aka haifa a daji ba a rubuta shi da wuri ba, sai an bi ta kotu da shaidu, kuma abin yana cin watanni. In kana da na aji huɗu ko biyar, ka je ofishin magajin gari kafin shanu su tashi cin rani.