Ɗaukar hoton taurari a kufai na tarihi

Ɗaukar hoton taurari a kufai na tarihi wani reshe ne na fasahar ɗaukar hoto, inda ake haɗa sararin samaniya na dare da tsofaffin gine-gine ko kangaye a cikin hoto guda. Ya bambanta da hoton da masana taurari ke ɗauka ta madubin hangen nesa, domin a nan ƙasa da sama duka suna cikin hoton: dala, ko ginshiƙan wani tsohon haikali, ko ganuwar birnin da ya zama kufai, sannan taurari a bayansu. Wuraren da suka yi fice a wannan fanni sun haɗa da Stonehenge a Ingila, Persepolis a Iran, Petra a Jodan, dalolin Giza a Masar, dalolin Meroe a Sudan, da gumakan dutse na tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik.

Kasancewar ginin yana wuri guda ba ya motsi, kuma ana iya lissafa matsayin kowane tauraro a kowane dare, irin wannan hoto yana daga cikin hotunan da ake iya tantance gaskiyarsu da lissafi. Wannan ne ya sa sharhi a kansa bai tsaya ga kyau ko muni kawai ba.

Tarihi

Ɗaukar hoton kufai da ɗaukar hoton taurari sun fara kusan lokaci ɗaya, amma sun daɗe ba su haɗu ba. A shekarar 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York, a 1850 kuma aka ɗauki hoton tauraron Vega a cibiyar nazarin taurari ta Harvard. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1849 da 1851, Bafaranshe Maxime Du Camp yana zagaya Masar yana ɗaukar hotunan haikalai da rana tsaka. Farantan hoto na wancan zamani ba su da ƙarfin kama haske kaɗan. Kafin tauraro ya fito sai an bar kyamara a buɗe na dogon lokaci, kuma kafin nan ya riga ya gusa. Saboda haka a zamanin fim, mafi yawan hotunan dare na kufai na layukan taurari ne, wato zobba-zobban haske da taurari ke zanawa yayin da duniya ke juyawa.

Kyamarorin dijital ne suka sauya lamarin daga shekarun 2000, lokacin da ya yiwu a kama dubban taurari cikin daƙiƙa 20 ko 30. A 2007 ɗan jarida kuma mai ɗaukar hoto ɗan Iran, Babak Tafreshi, ya kafa shirin The World at Night, wanda ya tara masu ɗaukar hoto daga ƙasashe daban-daban domin nuna fitattun wuraren tarihi da na halitta a ƙarƙashin taurari. Shirin ya zama ɗaya daga cikin ayyuka na musamman na Shekarar Ilimin Taurari ta Duniya a 2009. A wannan shekarar ce kuma cibiyar nazarin taurari ta Greenwich da ke Landan ta fara gasar shekara-shekara ta hotunan sararin samaniya.

Yadda ake ɗauka

Babbar matsalar ita ce duniya ba ta tsayawa. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, gini kuwa yana nan daram. Idan kyamara ta bi taurari, gini zai dushe; idan ta tsaya kan gini, taurari za su ja layi. Mafita mafi sauƙi ita ce a kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, a sa gilashi mai faɗin gani, a buɗe idonsa sosai, misali f/2.8, a ɗaga ISO zuwa tsakanin 1600 da 6400, sannan a taƙaita lokacin ɗauka. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da suke kira dokar 500: a raba 500 da tsawon gilashin a milimita, abin da ya fito shi ne adadin daƙiƙoƙin da za a iya barin kyamara a buɗe kafin taurari su fara jan wutsiya. Gilashi mai milimita 20 yana ba da daƙiƙa 25. Ƙiyasin ya samo asali ne daga zamanin fim, kuma kyamarori na yanzu masu kaifin gani sukan buƙaci lokaci da bai kai haka ba.

Ɗaga ISO yana kawo ɗigo-ɗigo kamar yashi a fuskar hoton. Don rage shi, akan ɗauki hotuna da yawa a jere ba tare da motsa kyamara ba, a haɗa su a kwamfuta. Wasu kuma sukan yi amfani da ƙaramar na'ura mai juya kyamara daidai da juyawar sama, su ɗauki taurari da ita, su kashe ta su ɗauki gini, sannan su haɗa biyun.

Haskaka ginin shi ne inda gwaninta ke fitowa. Cikakken farin wata yana haska dutse da kyau amma yana shafe ƙananan taurari. Daren da babu wata yana fito da taurari amma ya bar gini baƙi ƙirin, sai inuwarsa kawai. Da yawa sun fi son jinjirin wata ko wata mai gab da faɗuwa, domin haskensa yana zuwa daga gefe ya fito da zane da tsagar dutse. Akwai masu shafa hasken tocila a jikin gini yayin da kyamara ke buɗe, amma hannu kaɗan ya wuce kima sai gini ya fito fari fat kamar an liƙa shi.

Abin da aka fi nema a sama shi ne farar ɗamarar taurarin nan da ke ratsa sararin samaniya, wadda ake kira Milky Way da Turanci, Majarra da Larabci. Tsakiyarta, inda ta fi kauri da haske, tana bayyana da dare daga wajen watan Fabrairu zuwa Oktoba. A sauran watannin akan koma ga wasu taurari, kamar Kaza da 'ya'yanta da taurarin Orion.

Gurɓatar sama da hasken lantarki

Yawancin kufai da suka shahara suna kusa da birane. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune, kuma Chadi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska suna cikin ƙasashen da samansu ya fi duhu. Ana auna duhun wuri da ma'aunin Bortle mai matakai 9, wanda John Bortle ya fitar a 2001: mataki na 1 shi ne duhu na ainihi, na 9 kuma tsakiyar babban birni.

Giza misali ne mai kyau. Dalolin suna bakin birnin Alƙahira mai mutane sama da miliyan 20, kuma su kansu ana haska su da fitilu don wasan haske da sauti na masu yawon buɗe ido. A irin wannan sama manyan taurari kaɗai ake gani. Meroe kuwa, mai nisan kusan kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, tana cikin hamada nesa da babban birni, kuma dalolinta kusan 200 na masarautar Kush sun kasance cikin mafi dacewa da wannan aiki, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya katse zuwan baƙi. A Amurka, kufan Chaco da ke jihar New Mexico sun samu shaidar zama wurin da ake kare duhun samansa a 2013.

Sharhi da tantancewa

Mai sharhi yakan fara da abubuwan da ido ke gani: shin taurari sun fito ɗigo ne ko sun ja wutsiya, shin gini ya fito sarai, shin akwai wani farin zare a gefen gini wanda ke nuna inda aka yanka aka liƙa. Sai batun tsari, wato ko ginin da saman suna taimakon juna ko kuwa ɗaya ya danne ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa ga masu koyo shi ne mayar da kufan ɗan ƙaramin baƙin abu a gindin hoto, ta yadda da an cire shi an sa bishiya babu abin da zai canza.

Launi ma abin muhawara ne. Idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi sosai a cikin duhu, kyamara kuwa tana tara haske, don haka hoto na gaskiya ma yakan nuna abin da mai tsayawa a wurin bai gani ba. Kore ko jan da ake gani kusa da ƙasa a wurare masu duhu sau da yawa na gaske ne, haske ne da iskar sama ke fitarwa. Amma tsakiyar Majarra launinta fari ne mai ɗan rawaya; shuɗi mai ƙarfi ko shunayya da ake yawan gani a intanet aikin gyara ne.

Mataki mafi nauyi shi ne tambayar ko wannan saman zai iya kasancewa a bayan wannan ginin. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan wurin daga layin da ya raba duniya biyu: kusan digiri 51 a Stonehenge, 30 a Giza, 17 a Meroe. A kufan Babbar Zimbabwe, da ke kudu da layin, ba a ganinsa ko kaɗan, kuma layukan taurari suna kewaya kudu ne. Tsakiyar Majarra ba ta wuce kusan digiri 10 sama da ƙasa a Stonehenge, tana kaiwa wajen 44 a Meroe, a Rapa Nui kuwa tana wucewa kusan ta kan mutum. Duk hoton da ya nuna ta can sama a kan Stonehenge, daga wata ƙasa aka aro saman. Faɗin wata a sama kusan rabin digiri ne kawai. Ana iya sa shi ya yi girma a bayan gini idan an tsaya nesa da dogon gilashi, amma ƙaton wata a cikin hoto mai faɗin gani alamar haɗi ce. Ana duba duk waɗannan da manhajoji irin su Stellarium, wadda kyauta ce, ta hanyar shigar da wuri da rana da lokaci.

Ra'ayi ya rabu kan inda gyara ya tsaya, ƙarya ta fara. Mafi yawa sun yarda da haɗa hotunan da aka ɗauka a wuri ɗaya, a dare ɗaya, kyamara tana fuskantar gefe ɗaya, domin dabara ce ta cike gazawar na'ura. Ɗauko sama daga wani wuri kuwa ana ɗaukarsa zane ne na dijital, wanda ba laifi ba ne muddin an faɗa. Rigimar tana tasowa ne idan an ɓoye. Mujallar National Geographic ta sha suka bayan ta matso da dalolin Giza kusa da juna don su shiga bangon fitowarta ta Fabrairun 1982, kuma a 2019 ta cire wasu hotunan tsofaffin bishiyoyi a ƙarƙashin taurari daga shafinta, bayan masu kallo sun gano cewa an kwafi wasu sassan saman an maimaita su.

Bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto shi ma yakan ɓatar. Sau da yawa ana cewa wannan shi ne saman da magina suka gani. Ba haka ba ne sosai. Sandar juyawar duniya tana layi a hankali kamar katantanwa, tana kammala zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000. Lokacin da aka gina babbar dalar Giza, wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, tauraron da ya fi kusa da cibiyar arewa shi ne Thuban, ba tauraron arewa na yau ba. Akwai daidaito da masana suka tabbatar: ɓangarorin babbar dalar suna fuskantar kusurwoyi huɗu na duniya da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, kuma an jera Stonehenge bisa fitowar rana a ranar da ta fi tsawo a shekara da faɗuwarta a ranar da ta fi gajarta. Amma ra'ayin da Robert Bauval ya yaɗa a 1994, cewa dalolin Giza uku kwaikwayon taurari uku ne na ɗamarar Orion, mafi yawan masana tarihin Masar ba su karɓe shi ba, duk da cewa hotunan da aka tsara don nuna shi suna yawo sosai. Haikalin Abu Simbel ma ba a inda aka sassaƙa shi yake ba: an yayyanka shi an ɗaga shi mita 65 tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi.

Kare wuraren

Yawancin wuraren tarihi ana rufe su da yamma, kuma shiga da dare yana buƙatar izini na musamman. A Stonehenge ana barin ƙananan rukunoni su shiga tsakiyar duwatsun ne kawai a wasu lokuta da aka keɓe, ba tare da taɓa su ba. A Petra akwai daren da ake jera ɗaruruwan kyandirori a gaban ginin Khazna, abin da ke ba da hoto mai kyau na dutse amma ya rage taurari. Neman hoton da ba kowa ke da shi ba ya sa wasu karya doka: a Maris na 2013 wasu matasa 'yan Rasha sun ɓuya har aka rufe harabar Giza, suka hau babbar dalar suka ɗauki hotuna, alhali hawanta haramun ne a dokar Masar. Tafiya cikin duhu a kan bangon laka ko dutsen da ya tsufa tana iya rusa abin da ya yi dubban shekaru a tsaye, kuma dabarar juya ƙarfe mai tartsatsin wuta don ƙawata hoto tana iya barin ƙuna a jikin gini.

A wasu wuraren hotuna ne kawai suka rage. Girgizar ƙasa ta 26 ga Disamba 2003 ta rushe mafi yawan tsohuwar ganuwar Bam a Iran. A Palmyra ta ƙasar Siriya, mayaƙan ISIS sun tarwatsa haikalin Baalshamin da na Bel a watan Agustan 2015, da babbar ƙofar birnin a watan Oktoba. Masu ƙoƙarin sake fasalta waɗannan gine-gine a kwamfuta sun dogara da tsofaffin hotuna, har da na masu yawon buɗe ido, kuma hoton da aka miƙar da ginshiƙansa ko aka goge wani sashensa ba ya shiga cikin waɗanda ake iya aunawa da su.