Gudawar da yara ke ɗauka a asibiti: sanadi da waɗanda suka fi shiga haɗari

Gudawar asibiti ita ce wadda ke kama yaro bayan ya yi kwana biyu zuwa uku a kwance saboda wata cuta dabam, kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu. Alamarta ita ce bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini. Lamarin ya shafi iyalan ƙauyukan Hausawa na jihohin Jazira da Bulu Nayil a Sudan, waɗanda kan kai yaransu manyan asibitocin Wad Madani da Damazin, su yi kwanaki suna jinya.

Abin da ke haddasa ta

Mafi yawa ƙwayoyin cuta ne, musamman rotabairos da norobairos, masu fita ta kashin yaro su shiga bakin wani ta hannun mai jinya ko ma'aikaci, ko ta kofi, cokali da zanen gado. Rotabairos kan yi kwanaki a jikin kaya bai mutu ba. Na biyu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne: suna kashe masu amfani da ke cikin hanji, cikin yaro ya ɓaci. Madarar da aka dama da ruwa mara tsabta da abincin da ya kwana ma suna jawo ta.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyu, masu tamowa, waɗanda ba sa shan nono, da waɗanda ake ciyarwa ta robar hanci. Daɗewa a kwance, haɗa yara a gado ɗaya da ƙarancin ruwan wanke hannu na ƙara haɗarin.

Sudan ta fara rigakafin rotabairos a 2011, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kawo cikas ga rigakafi, ya rufe asibitoci da dama, ya cunkushe waɗanda suka rage.

Matakan kariya

Likitoci na shawartar mai jinya ta wanke hannu da sabulu bayan ta share wa yaro kashi da kafin ta ba shi abinci, ta ware masa kwanonsa, ta ci gaba da shayarwa. Da zarar gudawa ta fara, a sanar da ma'aikata don a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, domin ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa.