BABI NA UKU: DAGA GIZAGO ZUWA INJI: TARIHIN RABA ƁAWO DA GUNGUME A YANKIN TAFOKI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Tafoki, wadda ɗaya ce daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Faskari, da kuma dangantakarta da ƙasashen Ƙanƙara da Sabuwa a kudu maso yammacin Jihar Katsina. Wannan babi zai dubi wani aiki ne guda da ba a cika kula da shi ba idan ana maganar sana'ar itace, wato raba ɓawo da gungume. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, injunan da aka ƙera domin wannan aiki a ƙasashen Turai an gina su ne a kan ɗaukar ɓawo a matsayin abin da ke hana aiki, alhali kuwa a wannan yanki ɓawo kaya ne mai daraja da masu nemansa. Wannan bambanci shi ne ya tsara irin injin da ya shigo yankin da wanda bai shigo ba, da kuma asarar da ta biyo baya.

3.1 Ɓawo a hannun masassaƙa da masu magani

Yankin Faskari da Sabuwa ya fi arewacin Katsina samun ruwan sama, don haka dajinsa ya fi duhu. A nan ake samun doka da maje da kawo da madobiya da marke da ƙirya da maɗaci, ban da itatuwan gona irin su kaɗanya da ɗorawa da kuka. Kafin zuwan Turawa, masassaƙa ne ke da alhakin sarrafa manyan itatuwa. Su ke samar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya da allon karatu. Manyan kayan aikinsu su ne gatari da gizago.

Idan masassaƙi ya kayar da itace, abu na farko da yake yi shi ne ya raba shi da ɓawonsa. Yana da dalilai na yin haka. Ɓawo yana riƙe ƙasa da tsakuwa masu dakushe kaifin ƙarfe. Haka kuma a ƙarƙashinsa ne ƙwari masu huda itace ke samun mafaka, gara ma ta nan take fara shiga. Bugu da ƙari, sai an cire ɓawo ake ganin inda itace ya tsage ko ya yi kogo, kafin a ɓata ƙarfi a kansa. Masassaƙa sun san cewa aikin yana da lokaci. Da farkon damina, lokacin da ruwa ke gudana a jikin itace, ɓawo yakan saɓule da bugu kaɗan na bayan gatari, domin siririn sashen nan mai santsi da ke tsakanin ɓawo da ainihin itace ya yi laushi. Da rani kuwa ɓawo kan manne, sai an bi shi da gizago ana feƙewa kaɗan-kaɗan.

Abin lura a nan shi ne, ɓawon da aka cire ba a barinsa a banza. Sassaƙen maɗaci sananne ne a duk ƙasar Hausa wajen maganin ciwon ciki da zazzaɓi, kuma makiyaya na ba dabbobinsu. Ana jiƙa sassaƙen marke domin tari. Ana yin igiya da ɓawon kuka da na kalgo. Wanda bai shiga magani ko igiya ba, mata su kwashe su hura wuta. Ke nan itace guda yakan amfani masassaƙi da mai magani da mai tukar igiya da uwargida. Ba wai a wancan zamani ba a sassaƙar itace yana tsaye ba ne. Ana yi, amma mutane ba su da yawa, kasuwar magani ba ta wuce ƙauyukan kusa ba, kuma akan ɗebi gefe guda ne a bar sauran ya warke. Kuka tana jure a kewaye ta da saɓa ta sake yin wani ɓawon. Yawancin itatuwa idan aka yi musu zobe mutuwa suke yi, domin ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa.

3.2 Zamanin Turawa

Bayan da Turawan Ingila suka karɓi Katsina a 1903, sun shigo da sabuwar fahimta game da daji. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba da ikon keɓe dazuzzuka, kuma a Arewa hukumomin En'e ne suka riƙe yawancin waɗannan gandaye ta hannun malaman daji. Dajin Kogo da ke wannan yanki yana cikin dazuzzukan da aka keɓe. Daga cikin laifuffukan da doka ta ambata a cikin gandu har da saɓe ɓawon itace ba da izini ba. Wannan ya nuna cewa hukuma ta san illar aikin, amma ta dube shi ne ta fuskar hani kawai, ba ta yi tunanin tsara hanyar da mai magani zai sami sassaƙe daga itacen da aka riga aka ba da izinin sarewa ba.

A daidai wannan lokaci ne noman auduga ya bunƙasa. An kafa gonar irin auduga a Daudawa a shekarun 1920, kuma layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Manoma daga arewacin Katsina da wasu wurare suka yi ta kwararowa suna saran sabbin gonaki. Hanyar da ta fi sauƙi ta kashe babban itace a sabuwar gona ita ce a yi masa zobe a gindi ko a tara masa wuta. Wato ilimin da masassaƙa da masu magani ke amfani da shi don kada itace ya mutu, shi ne manomi ya juya don ya kashe shi. Damuwar da wani masanin daji mai suna Stebbing ya tayar a 1935 game da matsowar Sahara ta sa aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a 1936 zuwa 1937, amma hankalin kwamitin ya fi karkata ga kan iyakar arewa, ba ga kudancin Katsina inda ake cin daji da gatari ba.

Sabon kayan aikin da zamanin ya kawo shi ne dogon zarto na mutum biyu. Akan haƙa rami a ɗora gungume a kansa, ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa suna ja har a fitar da falanki. Su ma masu wannan zarto sai sun feƙe ɓawo tukuna, domin su ja layi da gawayi a jikin itacen, kuma su kare haƙoran zarton.

3.3 Injunan cire ɓawo da inda suka tsaya a Nijeriya

A ƙasashen da masana'antar katako da ta takarda suka yi ƙarfi, kamar Suwidin da Finlan da Kanada da Amurka, cire ɓawo da hannu ya zama cikas, sai aka ƙera injuna. Biyu ne suka fi shahara. Na farko wata ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe da ke kwance a ɗan karkace tana juyawa. Faɗin bakinta kan kai mita 4 zuwa 5, tsawonta kuma ya haura mita 20. Ana zuba gungumai ta wannan baki, suna gogar juna da jikin gangar har ɓawon ya saki. A jikin gangar akwai dogayen tsage-tsage waɗanda ɓawon da ya saki ke zubewa ta cikinsu zuwa kan wani bel da ke ƙasa, gungumen kuma ya fita ta ɗaya bakin. Na biyu wani zobe ne mai juyawa ɗauke da hannuwan ƙarfe, gungume yana ratsawa ta tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya, hannuwan suna matsa shi suna kankare ɓawon. Samfurin Cambio da aka fito da shi a Suwidin a shekarun 1950 shi ya yaɗa wannan fasaha. Bayan gungume ya fito, akan bi da shi ta kan wasu jerin ƙarafa masu juyawa da ke da tazara a tsakaninsu, domin ragowar ɓawo da ƙasa da duwatsu su faɗi kafin ya isa ga zarto ko injin daddatsawa.

Duk waɗannan injuna suna aiki ne da hikimar da masassaƙin Tafoki ya sani, wato a raba ɓawo ta wannan sashe mai santsi da ke ƙarƙashinsa. Har matsalar lokaci ma suna da ita. Yadda rani ke manne ɓawo a nan, haka ƙanƙara ke manne shi a can, sai an jiƙa gungumen da ruwan zafi ko tururi. Bambancin yana ga makomar ɓawon. Ɓawo kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jikin gungume, kuma a waɗancan masana'antu yawancinsa niƙe shi ake yi a ƙona a tukunyar da ke ba masana'anta tururi da lantarki.

A Nijeriya, manyan masana'antun da ke buƙatar irin wannan aiki sun tsaya ne a kudu da bakin Kwara. Akwai kamfanin katako da filawud na Sapele da ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1940, da masana'antar takarda ta Jebba da aka buɗe a 1969, da ta takardar jarida ta Oku Iboku da ta fara aiki a 1986. Masana'antun takardar sun durƙushe a shekarun 1990, kuma da aka sayar da ta Jebba ga 'yan kasuwa a 2006 sai ta koma sarrafa tsofaffin takardu. A Arewa an kafa tashar binciken itatuwan savana a Samaru a 1964, an kuma yi dashen itatuwa masu miƙaƙƙen jiki a wurare kamar Afaka kusa da Kaduna, amma hakan bai haifar da masana'antar da za ta ja gungumai daga kudancin Katsina ba.

Ba talauci ne kaɗai ya hana waɗannan injuna zama a yankin ba. Injin zobe yana son gungume miƙaƙƙe, itatuwan dajin nan kuwa gajeru ne, masu lanƙwasa da rassa tun daga ƙasa. Ganga tana iya ɗaukar karkataccen itace, amma ba ta biyan kuɗinta sai tana samun lodin motoci kullum da lantarki marar yankewa. Ko da an kawo ta ma, da ta cakuɗa ɓawon maɗaci da na doka da na maje wuri guda, ta farfashe su, abin da zai sa su zama marasa amfani ga mai magani, wanda ke gane kayansa ta launi da ƙamshi da ɗaci.

3.4 Injin da ya shigo

Injin da ya shiga dajin da gaske shi ne zarton inji mai amfani da fetur, wanda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa. Ya yaɗu a ƙasar nan daga shekarun 1980 zuwa 1990. Mai wannan inji ba ya tsayawa feƙe ɓawo. Idan ya kayar da itace, sai ya yanke gefe huɗu na gungumen tun a wurin, ya fitar da tsakiyar a matsayin katako mai kusurwa huɗu ko falanki, domin shi ne mai kuɗi kuma shi ya fi sauƙin ɗauka. Gefunan nan huɗu, da ɓawonsu da naman itacen da ke manne da shi, a nan ake barinsu, sai mai gawayi ya tsinta ko gobarar daji ta cinye. Ga shi kuma haƙoran sarƙar injin suna da kauri, suna mayar da kaso mai yawa na itacen ya zama gari.

Wannan shi ne babban sauyin da ya faru a tarihin sana'ar. A da mai sare itace da mai neman sassaƙe mutanen gari ɗaya ne, sau da yawa ma mutum ɗaya ne. Yanzu mai inji ɗan kwangila ne da ɗan katako ya aiko, yana sauri ya gama kafin malamin daji ya riske shi. Sakamakon haka sai aka wayi gari ana asara ta fuska biyu: ɓawon itacen da aka kayar yana ruɓewa a daji, masu neman magani kuma suna kewaye itacen da ke tsaye da gatari. Kasuwar sassaƙe ta girma har ana kai shi birane a buhuna. Duk wanda ya dubi tsofaffin itatuwan maɗaci da aka dasa a bakin titunan garuruwan Arewa zai ga yadda aka saɓe gindinsu iya inda hannu ya kai. Shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta tallafa wa daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, ya mayar da hankali ne ga arewacin jihar da yaƙi da hamada, bai taɓa wannan matsala ta kudu ba.

Madobiya ta ƙara shiga haɗari a shekarun 2010, lokacin da buƙatar katakonta a ƙasar Sin ta sa aka yi ta sararta a sassan Nijeriya, musamman Taraba da Kogi. An sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Irin wancan katako mai kusurwa huɗu da aka bayyana a sama shi ne akasarin abin da aka riƙa lodawa zuwa tashar jiragen ruwa.

A yankin Tafoki kuwa, abin da ya fi sauya dangantakar mutane da daji a 'yan shekarun nan shi ne rashin tsaro. 'Yan bindiga sun mayar da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna maɓoya. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji. A wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo gandun ƙasa, tare da wasu guda tara. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro wadda ta hana manyan motoci ɗauko itacen wuta daga daji, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, kafin daga baya a sassauta wasu daga cikin matakan. Da shiga daji ya zama kasada, masassaƙa da masu neman sassaƙe sun ƙara dogara ga itatuwan gonaki da na bakin gari, waɗanda ba su da yawa kuma kowanne yana da mai shi. Yadda wannan ya shafi haƙƙin mallakar itace a gona tsakanin manomi da masassaƙi da mai unguwa shi ne abin da babi na huɗu zai duba.