Zane Uku da Damisa: Yadda Rigimar Wa da Ƙane ta Iso Filin Balon Abala

Idan la'asar ta yi sanyi a Abala, samari suka fito filin balo, kafin ka ji sunan yaro ka riga ka ga tambarin da ke jikin rigarsa. Wannan zane uku a kafaɗa, wancan wata alama kamar lauje, ga kuma mai damisa tana tsalle a ƙirji. Akwai yaron da ko kyauta ka ba shi riga mai zane uku ba zai sa ba, don kada abokai su ce ya koma Real Madrid. Gardamar nan ta girmi iyayensu, kuma asalinta faɗan gida ne.

A shekarar 1924, a wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Herzogenaurach, Rudolf Dassler da ƙanensa Adolf suka buɗe masana'antar takalman wasa. Kasuwa ta yi musu kyau, har Jesse Owens ya yi gudu da takalminsu a gasar Olamfik ta Berlin a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zumunci ya tsinke. A 1948 suka raba gari: Rudolf ya ƙetare kogin Aurach ya kafa Puma mai tambarin damisa, Adolf ya zauna da nasa kason, ya yi masa rajista a 1949 da sunan Adidas mai zane uku. Mutanen garin ma suka dare biyu, kowane ɓangare da ƙungiyar ƙwallonsa da shagunan da yake sayayya. Har ta kai mutum yakan duba takalmin baƙo kafin ya sake jiki da shi. Rudolf ya rasu a 1974, Adolf a 1978, aka binne su a maƙabarta ɗaya, kowa a nasa gefen, nesa da ɗan'uwansa. Duk ɗan Kurfai da ya taɓa ganin rabon gona ya raba ƴan ɗaki ɗaya ya san ɗacin wannan labari.

Daga nan gabar ta shiga fili. Jamus ta Yamma ta ci Kofin Duniya na 1954 da takalman Adidas. Puma ta rama a 1970, lokacin da Pelé ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalminsa ana dab da take wasa, kyamara ta nuna wa duniya abin da ke ƙafarsa.

Amurkawa ne suka kai abin makarantu. Nike mai alamar lauje, wadda ta ɗauki wannan suna a 1971, ta fara biyan masu horar da ƴan ƙwallon kwando na jami'o'i don ɗalibansu su sa takalmanta, sannan a 1987 ta ƙulla yarjejeniyar tufatar da ƙungiyoyin wasannin Jami'ar Miami. Jami'ar Michigan ta bar Nike ta koma Adidas a 2008, ta sake dawowa a 2016, magoya bayanta suna ta musu kamar sarauta ake naɗawa. A 2016 ɗin Under Armour ta yi wa jami'ar UCLA alkawarin dala miliyan 280 na shekara 15.

Afirka kuwa Puma ce ta fi kama ta. Wa zai manta rigar Kamaru marar hannu da ta ci Kofin Afirka a Mali a 2002? A Kofin Duniya na 2006 dukan ƙasashen Afirka biyar da suka je, wato Gana, Kodebuwa, Togo, Angola da Tunisiya, damisa suka sa.

To ta yaya duk wannan ya iso Abala? Ta jakar ƴan cirani tukuna, masu dawowa daga Najeriya da Abijan da tsarabar ƙanne. Sai dilar gwanjo da ake saukewa a Kwatano, ta biyo Yamai, ta ratsa Baleyara da Filinge. Daga baya rigunan kwaikwayo na Sin suka cika kasuwa, farashi ya sauko inda yaro zai iya tarawa ya saya. Amma abin da ya hura wutar shi ne gidan kallo. Tun 1998 Madrid ke sa Adidas, Barcelona ke sa Nike, don haka da tauraron ɗan'adam ya kawo wasanninsu, tambarin ya zama tutar ɓangare. Ni a ganina ƙungiyar ake so, tambarin raƙumi da akala ne kawai. Hujjata ita ce Messi ya yi shekara da shekaru yana sa rigar Nike da takalmin Adidas, Ronaldo kuma rigar Adidas da takalmin Nike, babu wanda ya bar gwaninsa saboda haka. Arsenal ta tashi daga Nike zuwa Puma a 2014, ta koma Adidas a 2019, masoyanta suka bi ta duk inda ta sa ƙafa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu talla suke yi wa waɗannan kamfanoni a kyauta, ga rana ga rairayi, wasu ma ba takalmi. Mun taɓa ɗanɗana wani abu daban. A Oktoban 2010 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ya jefa ƙwallon, a filin da ke ɗauke da sunan Seyni Kountché, haifaffen Fandu a ƙasar Filinge. Nijar ta je Kofin Afirka a 2012, ta koma a 2013, kuma a shekarun nan launin tutar ƙasa yara suke nema.

Yau idan gasar unguwanni ta matso, karo-karo samari suke yi, ko su jira wani mai hali ya taimaka. A aika Yamai a sayo riguna iri ɗaya, ko na wace ƙungiya aka samu da sauƙi, a kai wa mai fenti ya buga lamba a baya. Da yawa sai ka ga kyaftin ɗan Barcelona ne na gani kashe ni, amma ga shi ya shigo fili da zane uku a kafaɗa, don sunan unguwarsu ne aka rubuta a ƙirjin.